'Yan Kwalaben da Suka Sha Hantsi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, binciken kammala karatuna a kan ƙullun wainar kakata ne. Na ɗebo daga tsohuwar tukunyarta, na ware ƙwayoyin yis ɗin da ke sa shi tashi, na raba su a 'yan kwalaben roba kamar ƙaramin yatsa, na daskarar. Sai aka shiga yajin aiki, aka yanke wutar ɗakin gwaji. Na jera su a kula da ƙanƙara, na hau mota zuwa Makoɗa, daga nan babur zuwa ƙauyenmu, inda yayana yake da firiza mai sola ta sayar da zoɓo.

A lokacin tukunyar ta riga ta fashe, Inna, kakar tawa, kuma ta bar suya saboda ciwon gwiwa. In ƙwayoyin nan suka mutu, ba inda zan sake samo su, sai dai in maimaita shekara.

Inna ta tambaye ni abin da ke ciki. Ni kuwa a kwanakin nan ba na iya faɗin abu ban ƙawata shi ba. Na ce mata halittu ne masu rai, 'yan gidanta, suna barci cikin sanyi har ranar da zan tashe su. Ta daɗe tana kallon firizar, ta ce Allah sarki. Daga nan na tafi garin Kunci koyarwa, sai ƙarshen mako nake leƙo gida.

Da aka janye yajin aiki, na aro madubin duba jini wurin wata ƙawata mai aiki a ƙaramin asibiti, na kafa shi a tsakar gida inda haske ya fi. Aikin ba wuya. Ka narkar da kwalba a ruwan ɗumi, ka ɗiga a gilashi, ka ƙara ɗigon shuɗin rini. Ƙwaya mai rai ba ta shan rinin. Matacciya ce ke rinewa.

Na leƙa ta farko, shuɗi ko'ina, kamar shanya a marina. Ta biyu haka, ta uku haka. Inna ta leƙa ta ce sun yi kyau. Da na gaya mata ma'anar kyan, ta dafe haɓa.

"Duk da hantsin da nake ba su?"

Ashe kullum da safe, in yayana ya tafi gona, sai ta kwashe su, ta naɗe a tsohon ɗankwali, ta shimfiɗa a faifai kusa da shanyar kuɓewa har su saki jiki, sannan ta mayar. Na yi mata bayani cewa narkewa da sake daskarewa ne ke farfasa su. Ba ta yarda ba. Ta ce sanyi ne, 'yar boko, sanyi ba ya barin kowa.

Kafin azahar maƙwabta sun fara shigowa jaje. Wata ta tambaya ko za a binne su. Wata ta leƙa madubin, ta ɗago ta ce Allah ya ba mu haƙuri, da gani ba su sha wahala ba. Ina zaune a kan turmi ina amsa amin.

Sai Inna ta fara share ido. Ta ce waɗannan dai ta sauke haƙƙinsu, amma akwai ɗaya da ta suɓuce ta faɗa can ƙasa, ƙanƙara ta riƙe ta, hannunta bai kai ba. Kullum sai ta ba ta haƙuri kafin ta rufe murfin.

Muka kwashe zoɓon kaf. Na fasa ƙanƙarar da bakin ludayi, na kankaro kaɗan daga saman kwalbar, na mayar da sauran da sauri. Na ɗiga rinin, na leƙa.

Garau suke, kamar raɓa a ganyen gero. Shuɗayen ɗai-ɗai ne. Wasu har da 'yan toho a gefe, kamar mata da goyo.

Da yamma yayana ya sa wa firizar kwaɗo, ya ba ni mabuɗin. Da na fito da safe, na tarar Inna ta lulluɓe firizar da bargonta.