Ranar da Aka Ce wa Baba Ya Yi Sauri

Ko da hankalina zai gushe da tsufa, ina jin abin da ya faru a gonar mahaifinmu wata yammar ƙarshen damina shi ne zai zama na ƙarshen fita daga kaina. Zan faɗe shi bi da bi yadda ya auku, domin ni ba na son labarin da aka soma daga tsakiya.

Da farko sai an san wane ne yayana. Mai hoto ne a Kaura Namoda. Ya koyi aikin wajen wani dattijo Bayarabe, kuma da dattijon zai koma garinsu ya bar masa wata tsohuwar kyamara ta katako. Tana tsayawa bisa ƙafa uku, cikinta yana miƙewa yana naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Mai ɗauka yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya duba gilashin bayanta, inda duniya take fitowa a kife, sama a ƙasa. Fim ɗinta ba naɗi ba ne, falle-falle ne, kowanne ya fi tafin hannu faɗi, kuma falle ɗaya hoto ɗaya.

Na biyu, sai an san lokacin. Jiharmu sabuwa ce, kuma an ƙaddamar da Shari'a. Maganar hoton abu mai rai ta yi ta yawo a majalisu, wasu malamai na cewa kaza, wasu na cewa kaza. Gaskiya ita ce babu wanda ya rufe wa Yaya shago, babu wanda ya ce masa uffan. Shi da kansa ya zauna ya yanke cewa daga ranar ba zai ƙara ɗaukar mai numfashi ba. Ya bar wa abokin aikinsa hotunan biki da na fasfo, ya ɗauki tsohuwar kyamarar ya shiga daji. Ya ɗauki fadamun Shinkafi, ya ɗauki gulbi yana cike, ya ɗauki duwatsu da kukoki. Hotunan suna da kyau, ba zan hana shi wannan ba.

Na uku kuma shi ne Baba. Manomi ne a wajen Birnin Tsaba, bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. A shekarar tari ya kama shi, ya rame. Ƙanwarmu da ke aure can cikin Nijar, wadda ba ta samun zuwa gida sai an jima, ta aiko da saƙo cewa ko hotonsa ne a aika mata ta riƙa gani. Ni na je na lallashi Baba har ya yarda. Da na ji Yaya zai tafi gida da kyamara, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na goya shi a babur ɗina da kayansa muka kama hanyar Zurmi.

Mun iske Baba ya riga mu gona. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya kafa sabuwar hula, yana zaune bisa kututture yana jiranmu. Tun da nake ban taɓa ganinsa a gona da wannan rigar ba. Baba ba ya kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, sai ya ce, "Kai mai akwati, ina zan tsaya? Kada ka hiddo ni da baki buɗe."

Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe bai ɗaga kai ba. Sannan ya ce, "Baba, gonar na zo ɗauka. Na yi alkawari tsakanina da Allah, ba ni ɗaukar mai rai."

Baba ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To, autan maza, ka ji. Ashe gona ta hi ni kyau."

Na ja Yaya gefe. Na ce masa ya dubi jikin tsohon nan da kyau. Na ce ƙanwarmu tana jira. Ya ce falle ɗaya ya rage masa, mai kawo masa daga Kano ya daina kawowa. Na ce to ai shi ya sa ya kamata a ba Baba. Ya ce, "Kai ba ka san nauyin alkawari ba. Bari a yi kaka in ƙara tambayar malamai." Ni ƙane ne, kuma a gidanmu ƙane ba ya ɗaga wa wansa murya gaban uba. Sai na ƙudura cewa da an gama girbi zan kawo wani mai hoton.

Yaya ya kafa ƙafafun kyamara a bakin gona. Ya shiga ƙarƙashin ƙyalle, ya fito, ya matsa, ya sake shiga. Gero ya nuna, dawa ta fitar da kai, ga gawon tsakiyar gona tsaye ba ganye kamar yadda yake yi da damina. Sai muka shiga jira. Ya ce rana ta yi ƙarfi, a bari ta sauka. Da ta sauka, ya ce iska na kaɗa zangarniya, a bari ta kwanta. Baba yana zaune a bayanmu cikin farar rigarsa, yana ba mu labarin shekarar da ya sare dajin wurin shi da mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta.

Dab da magariba iska ta tsaya cak. Yaya ya zura gidan fim, ya zare marfinsa. Ya gaya mini cewa tunda haske ya ragu, idon kyamara zai zauna a buɗe gwargwadon karatun Fatiha, kuma duk abin da ya motsa a lokacin ba zai fito sosai ba. Ya danna maɓallin ɗauka.

A daidai nan Baba ya tuna butarsa tana gindin gawo, ga lokacin alwala ya yi. Bai san an buɗe ba. Ya miƙe ya bi kunya ya shiga gaban kyamara, yana tafiyarsa ta kullum, a hankali. Da ya kai tsakiya ya juyo ya dube mu, hasken yamma a fuskarsa. Na rantse, da a ce Yaya ya ce "Baba, tsaya nan," da ya tsaya. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Baba, yi sauri ka wuce! Yi sauri!"

Tsoho ya tattara rigarsa ya yi sauri, yana tuntuɓe da kunyoyi, yana cewa, "Yi haƙuri, mai akwati, na ɓata maka aiki."

Ba a kai ga ɗaure dammunan gero ba Baba ya rasu.

Yaya bai wanke fim ɗin ba sai bayan an share makoki. Ya aiko aka kira ni shago. Hoton yana kan tebur, babba. Ana iya ƙidaya ƙwayar gero a zangarniya, ana ganin tsagar bawon gawo, har butar tana nan a gindinsa. A tsakiyar gona kuwa sai wani farin abu dishi-dishi kamar hayaƙi, ba kai, ba ƙafa. Yaya yana riƙe da gilashin ƙara girma, yana bin farin nan daga wannan gefe zuwa wancan. Idanunsa sun yi ja.

Ƙanwarmu ta iso daga baya, domin labari bai same ta da wuri ba. Bayan ta yi kukanta ta tambayi hoton da ta roƙa. Yaya ya ɗauko da kansa ya miƙa mata. Ta duba sama da ƙasa ta ce, "Yaya, ina Baban?" Ya ɗora yatsa a kan farin. Ya ce yana tafiya da sauri ne, shi ya sa.

Ta ɗago kai. "Sauri? Baba ba ya sauri. Wa ya sa shi sauri?"

Yaya ya tashi ya fita, muka ji shi a bayan ɗaki yana kuka irin na babban mutum, wanda ba daɗin ji.

Ni mutum ne mai son doka da tsari, har yau ban canza ba, kuma ban taɓa zargin Yaya da mugun nufi ba. Tsoron Allah ne ya sa shi. Amma ranar ta koya mini cewa idan mutum ya ɗaura wa kansa wata ƙa'ida, to ya tambayi masana tun da wuri iyakar inda ta tsaya, kada ya bari sai kaka. Gona tana nan, bana ma an noma ta. Tsohon da ya sa rigar Juma'a ya zauna jira shi ne ba ya jiran kowa ya gama shawara.