Kwalba ta Tara

Shekara ashirin da bakwai Goggo ta yi tana tafasa almakashi. Aikinta ke nan a asibiti. In likitoci sun gama tiyata sai a turo mata ƙarafansu a faranti, ta wanke, ta jera a injin tururi, ta tsaya a gefe tana kallon agogo. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, ba shi da taga. Ba ta taɓa ganin ƙwayar cuta da idonta ba, amma a duk asibitin babu wanda ya kai ta imani da ita.

Da ta yi ritaya ta dawo gida, sai ta lura da bishiyar mangwaron da ke tsakar gidansu. Bishiyar tana nan tun kafin a kawo ta gidan tana amarya, sai dai a da ba ta da lokacin ganin ɓarnar da take yi. Goggo kuwa ba ta iya kallon abinci yana ruɓewa a ƙasa. Wata tsohuwar nas ta koya mata yin jam: a fere mangwaro, a yanka, a auna sukari daidai nauyinsa, a matsa lemun tsami, a dafa har ya kama bayan cokali. Sauran aikin ba sai an koya mata ba. Kwalabe da murafensu minti ashirin suke yi a tafasasshen ruwa, ba goma sha tara ba. Kicin ya koma ɗakin tiyata. Mijinta, tsohon direban bas, sai ya yi gyaran murya a bakin ƙofa ya ce, "Likita, mara lafiya na neman izinin ɗiban ruwa."

Shekara shida tana haka. Duk ƙarshen lokacin mangwaro sai ta raba wa dangi, kowane gida kwalba biyar ko shida. Kowa ya ce ya ci, kuma akwai daɗi.

A shekara ta bakwai bishiyar ta zauce. Ta yi 'ya'ya har reshe biyu suka karye. Mangwaro yana faɗowa kan kwanon ɗaki kamar ana jifan gidan. Maƙwabta suka karɓa, suka yi godiya, suka sake karɓa, daga nan in sun hango Goggo da daro sai a ji ana saka sakata. Ƙudaje suka tare a gidan da iyalansu. Ta yanka wani ta shanya a rana, ta matse wani ta cika firji, sauran ta dafa. Cikin kwana goma sha biyu ta rufe kwalba saba'in da huɗu, ƙafafunta suka kumbura, fatar yatsunta ta yi fari.

A watan ne aka gano mijin yana da ciwon suga. Ya riƙa zama a bakin kicin yana shaƙar ƙamshi da fuskar maraya, har tausayi ya ci ƙarfin Goggo. Tukunyar ƙarshe ta zuba mata rabin sukari. Ta san sarai sukarin nan shi ne mai gadin kwalba, amma ta ce ai nan da nan Malam zai cinye. Kwalba tara suka fito. Ta ɗaura wa kowace jan zare a wuya don kada su haɗu da sauran, ta jera su a kantar ƙasa a sito. Da suka koma asibiti likita ya ce ko rabi, ko rabin rabi, kada Malam ya kusance shi. Kwalaben suka zauna a inda suke. Ƙanwar mijin ce ta zo ta taya ta rabon dangi a shekarar, saboda ƙafar Goggo ba ta shiga takalmi.

Bayan sati uku, da hantsi, tana shara ta ji wani abu ya yi tas a cikin sito. Ta leƙa. Ɗaya daga cikin masu jan zare ta tunkuɗe murfinta, kumfa yana gangarowa a jikinta. Biyu a gefenta murafensu sun yi tudu. Goggo ta ajiye tsintsiya ta durƙusa ta ƙirga. Takwas. Ta sake ƙirgawa da yatsa, tana taɓa kowace. Takwas.

Shekara ashirin da suka wuce wani likita ya yi musu lacca a kan wata guba da ke samuwa a cikin abincin da aka rufe ba daidai ba. Sauran ma'aikata sun yi gyangyaɗi, Goggo ta rubuta komai. Ya ce wani lokaci ba ta wari, ba ta sauya ɗanɗano. Ya ce daga ido take farawa: fatar ido ta yi nauyi, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga nan sai numfashi. Duk laccar ta dawo mata a durƙushe a ƙasan sito, har da kalar rigar likitan.

Ta kira ƙanwar mijin a waya.

"Masu zaren nan na ƙasa, kin taɓa su?"

"Au, na musamman ɗin? Ɗaya kawai na ɗauka, Yaya. Na ga kin yi musu kwalliya, na ce ai mai ciki ce ta dace da shi. Na kai wa Auta."

Auta ita ce 'yar Goggo ta ƙarshe. Tana da cikin wata bakwai, na fari, bayan shekara biyar ana jira.

Sau huɗu wayar Auta tana ƙara ba a ɗauka ba. A na biyar aka ɗauka, murya ta fito a hankali, a dakushe, kalmomin suna manne da juna.

"Auta, jam ɗin da ƙanwar babanki ta kawo miki, mai zare. Kin ci?"

"Na ci mana, Umma. Akwai daɗi. Har na kusa cinyewa."

Ba a firgita mai ciki a waya, wannan ma Goggo ta sani. Ta ce, "Zauna inda kike. Kada ki kulle ƙofa."

Mijin ya ga ta fito da takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya nasa. Ya fara cewa, "Likita, ina za a kai mara lafiya," sai ya dubi fuskarta ya bar maganar. Ya ce zai bi ta. Ta ce ya tsaya ya tsare sito, ko kaza kada ta shiga.

Gidan Auta bas biyu ne daga nasu. Na farko ya tsaya shan mai. Na biyu ya tsaya jiran wata mata da buhuna. Goggo tana zaune tana lissafin abin da likitan ya ce game da awanni, tana neman inda ya ambaci jariri a ciki, ba ta tuna ba. Wata a gefenta ta miƙo mata mangwaro a leda ta ce bismillah, bana ya yi araha. Goggo ta juya fuska ga taga.

Auta ta buɗe ƙofa idanunta rabi a rufe, fatar idon ta sauko. Goggo ta kama haɓar 'yar ta juya ta wajen haske.

"Yatsu nawa ne nan?"

"Umma, lafiya?"

"Nawa ne?"

"Uku."

Biyu ta ɗaga. Babban yatsanta ne ya ƙi lanƙwashewa, amma Goggo ba ta san da haka ba. Ta ce, "Ɗauko mayafinki da katin awo. Asibiti za mu."

"Barci fa nake yi, Umma. Tun asuba yaron nan ke harbina."

"Ɗauko mayafinki. Ki ɗauko min sauran jam ɗin ma, likita zai so ya gani." Sai a nan ta faɗa mata komai, a tsaye, da muryar da take karanta wa sababbin ma'aikata dokokin ɗakin tururi.

Auta ta dube ta. Ba tsoro ne a fuskarta ba, wani abu ne daban. Ta wuce kicin, ta durƙusa da ƙyar, ta buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta matsa gefe.

Kwalabe ne a jere, sahu-sahu, har bango. Goggo ta gane rubutun hannunta a kan kowace, da shekarar da ta yi ta. Talatin da ɗaya. Ba a buɗe ko ɗaya ba. A sahun gaba ga mai jan zare, cike har wuya, murfinta ya yi tudu.

Goggo ta zauna a ƙasan kicin ɗin. Ta ce alhamdulillahi, ta kuma faɗa sau uku. Sannan ta ce, "Me ya sami jam ɗin nawa?"

"Ba komai, Umma. Zaƙi ne ya yi min yawa. Na rasa yadda zan faɗa miki." Auta ta sunkuyar da kai. "Wannan ɗin ma na ga bai yi duhu kamar sauran ba, shi ne jiya na ce bari in gwada da burodi. Murfin ya ƙi buɗuwa. Na ajiye sai maigidan ya dawo daga tafiya ya buɗe min."

"Yaushe zai dawo?"

"Yau da yamma."

Goggo ta nemi tawul. Ta naɗe kwalbar, ta sa a leda, ta sa ledar a wata ledar, ta kai bayan gida ta kife bokiti a kai ta ɗora dutse. Ta wanke hannu har gwiwar hannu, sau biyu.

Ba ta koma gida ranar ba. Ta riga ta duba murfin da kanta, ta ga ba a taɓa buɗe shi ba, amma ta ce yarinyar da ta yi shekara shida tana cewa ta ci, ba abin mamaki ba ne ta ce ba ta ci ba. Kwana takwas ta yi a gidan surukinta. Kowace safiya kafin gaisuwa sai ta tsayar da Auta a bakin taga, ta ɗaga mata yatsu, ta miƙa mata kofin ruwa, ta zuba wa maƙogwaronta ido har ruwan ya wuce.