Mun Gani, Muka Yi Shiru

A gidan kakata Dada, a Wuro Hausa, ba a tatsuniya sai an sauke tukunyar tuwo. Idan aka idar da magariba sai ta janyo 'yar kujerarta gaban murhu, ta tura ragowar itace cikin garwashi, mu kuma jikokinta mata mu kewaye ta. Unguwarzoma ce, rabin matan unguwar a hannunta aka haife su. Hausarta a gauraye take da Fulatanci, kuma ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ku ba ni kunne, bakinku ku ajiye shi," mu ce mun ajiye.

Yawancin labaranta na dariya ne, amma akwai ɗaya da ba na so, shi ne na Dudu. Dudu amarya ce a wata ruga da ke bakin kogi. Ta samu cikin fari, kuma a wajen mutanenta abin kunya ne mace ta faɗi haka da bakinta. Sai ta fara tsartar da yawu. Warin man shanu ya riƙa tayar mata da zuciya, barci ya riƙa sace ta a gindin turmi. Matan rugar duk sun gani, kowacce ta ce a ranta ba huruminta ba ne. Da jini ya fara ɗiso mata, sai ta riƙa sammako zuwa kogi ta wanke zaninta kafin kowa ya tashi. A can wata tsuntsuwa kan sauka kan giginya ta rera mata, "Dudu faɗa, Dudu faɗa." Dada kan siririntar da murya a nan, har tsigar jikinmu ta tashi. Wata safiya Dudu ta tafi da ƙwaryarta ba ta dawo ba. A gindin giginyar aka same ta. Da aka zo zaman makoki, kowace mata ta ce ai ita tun tuni ta lura.

Nan labarin yake tsayawa, ko ƙurunƙus ba ta cewa. Sai ta shiga yi mana bayani kamar mu manya ne. Ta ce amai da kasala da ƙin abinci laulayi ne, yakan lafa bayan wata uku. Mai shi ta ci kaɗan-kaɗan, ta kurɓi ruwa a kai a kai, ta kwanta in jiki ya nema, kada ta sha jiƙe-jiƙe ko ƙwayar da ba likita ya ba ta ba, ta kuma fara zuwa awo da wuri. "Amma jini ba laulayi ba ne," in ji ta. "Ciwon da ya tsaya gefe guda ma ba laulayi ba ne. Wannan sai asibiti, ko ni ba na taɓa shi." Mu dai mun ɗauka wautar Dudu ake nuna mana.

Shekarar da 'yan ta da ƙayar baya suka mamaye garuruwan arewacin jiharmu, Dada ta daɗe da rasuwa, ni kuma ina koyarwa a wata firamare, ina aure a unguwar Limawa, a Jimeta. Jimeta ta cika da mutane, kowane gida da baƙinsa. Namu baƙin daga Michika suka zo: Mama Rifkatu, wadda maigidana ya zauna a gidanta lokacin da yake aikin malamin gona a can, da matan gidanta da 'ya'yansu. A cikinsu akwai matar ɗanta, Kuve, yarinya mai shekara ashirin da 'yan kai. Mijinta Zira ya tsaya kora awaki ranar da aka gudu, tun daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Kuve ta iso bayan sauran da mako guda. An ce 'yan ta da ƙayar bayan sun tare ta da wasu mata a hanya, an tsare su kwana huɗu a wani gida kafin su samu su tsere. Ba wanda ya tambaye ta abin da ya faru a kwanakin nan, ita ma ba ta faɗa ba.

Ban yi kwana uku da ita ba na gane. Da na jefa albasa cikin mai sai ta miƙe ta bar tsakar gida. Tana yawo da ɗan gwangwani a ƙarƙashin zani tana tofa yawu. Tuwo ba ya shiga, sai ta jiƙa tsamiya ta tsotsa. Na riƙa ajiye mata gasasshiyar masara da busasshen burodi da safe, na hana ta ɗaukar jarkar ruwa, amma ban ce mata komai ba. Na ga Mama Rifkatu ma tana binta da ido, sannan ta kau da kai. Na san lissafin da tsohuwar ke yi, domin ni ma na yi shi. A layinmu an riga an fara raɗe-raɗi a kan matan da suka fito daga hannun mutanen nan, da irin 'ya'yan da za su haifa. Na gaya wa kaina shirun da nake yi rufin asiri ne.

A mako na uku, ranar wata Laraba, na iske ta a bayan ɗaki tana wanke zani, ta dafe ƙasan cikinta ta dama. Na ga launin ruwan. Na ce ta shirya mu je asibiti. Ta riƙe hannuna da nata mai kumfa.

"Anti, don Allah kar ki gaya wa Mama. Na mijina ne, amma wa zai yarda? Ɗan kaɗan ne, zai tsaya."

Na ce to, mu ga gobe. Ni da na ji gargaɗin Dada tun ina 'yar shekara takwas, na ba ta ruwan ɗumi, na ce ta kwanta, na tafi makaranta.

Washegari da hantsi ta ce kafaɗarta na ciwo. Ta miƙe za ta zaga sai ta zube. Leɓunanta sun yi fari, jikinta ya yi sanyi, zufa na keto mata. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku ni da Mama Rifkatu, kanta a cinyata. Shinge biyu muka wuce, a na biyun sojan da ya leƙo bai ko tambaye mu ba, ya ɗaga mana hannu. A asibiti suka karɓe ta da gudu. Bayan kamar awa biyu likitar ta fito ta ce cikin a wajen mahaifa ya zauna, ya fashe, jini ya taru a ciki. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Ta tambaye mu yaushe ciwon ya fara. Na ce jiya na gani. Ta rubuta.

A mota muna komawa Mama Rifkatu ta ce, cikin muryar da ba ta fita sosai, ita tun ranar da yarinyar ta iso ta sani. Sai a lokacin na fahimci wa Dada take kallo idan ta kai ƙarshen labarin nan. Dudu yarinya ce mai tsoro, ba ta san komai ba. Waɗanda suka sani su ne matan da suka haihu, suka ga alamu, suka zaɓi kunya. Mu Dada take yi wa tarbiyya, don ta san wata rana mu za mu zama su.

Bayan wata biyar Zira ya bayyana a ƙofar gidanmu. Ta Kamaru ya bi, ya rame har uwarsa ta yi jim kafin ta gane shi. Ita ta kasa gaya masa, ni na zaunar da shi a zaure na faɗa. Da na zo kan maganar cikin na yi ta kewaye-kewaye, ina neman yadda zan sa ta. Ya ɗago kai.

"Na sani, Anti. Kwana biyu kafin mutanen nan su shigo ta gaya mini. Mun ce sai ran Lahadi bayan coci mu faɗa wa Mama."

Sai ya tambaye ni ko akwai wanda ya yi mata barka kafin ta rasu. Na ce masa babu.