Wa Ya Yanka Naman?

Ƙamshin kitse a kan ƙarfe mai zafi ne ya tono mini wannan magana, a wurin da ban taɓa zaton zan tuna da ita ba.

Asabar ɗin da ta wuce jikata ta karɓi takardar gama karatun jinya, sai babanta, wato babban ɗana, ya ce ba za a wahalar da mata da girki ba, a kwashi kowa a je wani sabon gidan abinci a nan cikin Funtua. Muka cika motoci uku. Sai da ma'aikatan wurin suka haɗa tebura biyar kafin kowa ya sami kujera, 'ya'ya da surukai da jikoki har da na goye. Abin da suke sayarwa yara suna ce masa boga: burodi ne zagayayye, a tsaga shi biyu, a sa soyayyen niƙaƙƙen nama a tsaka, da latas da tumatir da albasa. Kowa da nasa a naɗe cikin takarda, babu mai sa hannu a na wani. Autar jikokina, wadda take ce mini mijinta, ta ce in naɗe hannun riga, wai wannan abinci ba ya ganin girman kowa.

Kafin in ci na kira saurayin da ya kawo, na tambaye shi wa ya yanka naman. Ya ce kullum da safe suke sayowa wurin mahautan kwata, yankan Musulmi ne. Jikoki suka yi ta dariya, wai Alhaji ya kawo bincike har gidan boga. Na yi bisimilla na kai baki. Ina cikin tauna sai wani tunani ya faɗo mini. Ban san sunan saurayin nan ba, ban san ubansa ba, ya faɗi magana sau ɗaya na yarda na ci. Alhali akwai wanda na fi sani fiye da tafin hannuna, ya faɗi irin wannan magana, ni na hana a yarda da shi.

Mai karatu, kakana na wajen uba Bamaguje ne. Gidansa yana can cikin gonaki a bayan garin Ƙarfi, babban gida mai dangar kara, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Bai taɓa salla ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ci masa kwabo ko ya yi masa ƙarya ba. Mahaifina ya baro gida yana saurayi, ya zo Funtua aikin gurzar auduga, Allah Ya shiryar da shi ya musulunta, ya yi aure, aka haife ni. Bai yanke zumunci ba. Kowace shekara in an shigar da dawa rumbu, auduga ta yi fari a gona, yakan ɗauke ni mu je gaida tsoho. Sai dai ba ya cin naman gidan, ba ya taɓa miyar da aka sa naman. Za a shimfiɗa tabarmi, baffannina da 'ya'yansu su kewaye akusa, mu kuwa muna gefe da gyaɗa da rake da dafaffen ƙwai. Kaka yakan ci loma biyu ya ɗago ya dube mu, ya ci biyu ya sake ɗagowa.

Ni da shi kuwa wasa ne tsakaninmu. Aboki yake ce mini. Yakan kama kunnena ya ce in karanta masa abin da ke cikin allona ya ji ko zai sa dawa ta yi zangarniya biyu, ni kuma in ce masa tsoho mai warin taba. Shi ya koya mini gane ƙasar da ta gaji da wadda ta huta, ta hanyar murza ta a hannu.

Shekarar da nake ba ku labarinta ina da kamar shekara goma sha ɗaya. Hannuna ya fara faɗawa da ajami, malaminmu ya fara ba mu waƙoƙin halal da haram muna kwafa, kuma ya taɓa yabona a gaban yara ya ce ni mai tsantseni ne. Kalmar nan ta shiga kaina ta zauna. Ina tafe ina neman inda zan nuna tsantsenin nan, kamar yaron da aka ba sabuwar wuƙa.

Mun isa da hantsi. Tun daga bakin danga muka ji ƙamshin nama, kitse yana ɗiga a wuta. Kaka da kansa ya tare mu, ya sa wankakkiyar taguwa, yana ta kai da kawo kamar mai aurar da 'ya. Ya nuna wa Baba sabuwar tukunya a murhu, ya ce jiya aka sayo ta, ba ta taɓa ganin giya ba. Ya nuna sabon akushi. Sannan ya ce tauren da ya shekara yana kiwo ne, ya ja shi da asuba har Ƙarfi, mahaucin garin ya yanka, mai salla irin Baba, shi kuma ya ɗoro naman a jaki ya dawo. Na ga fuskar Baba ta saki irin yadda ban saba gani ba a gidan nan.

Kafin a sauke tuwo na zaga bayan gida. Akwai wata tsohuwar tsamiya can inda mutanen gidan suke yin abin da suka gada, an hana ni zuwa, shi ya sa nake zuwa. A gindinta na ga jini bai gama bushewa ba, ƙudaje na bi. Kusa da jinin kuma ga jajayen gashin zakara a warwatse, har da kan zakaran. Ko makaho ya taɓa ya san abin da aka yanka a wurin. Na gani sarai. Wannan ita ce maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ɗorawa, maza sun fi ashirin, mata suna leƙe ta kan danga don su ga abin da ba su taɓa gani ba. Kaka ya zaunar da Baba a damansa, ni a hagunsa, ya buɗe sabon akushin da hannunsa, ya tura manyan tsokoki gabanmu. Baba ya wanke hannu. Ya yi bisimilla a fili, har ya miƙa hannun.

Na ce, “Baba, na ga jini a gindin tsamiya. Ɗanye ne.”

Hannun Baba ya tsaya a sama. Ƙanen kaka ya yi maza ya ce ai zakaransa ne, shi ya yanka da safe saboda an shigar da amfani lafiya, babu ruwan taure da tsamiya. Kaka bai dube shi ba, ni ya duba. Babu fushi a idonsa, yana ma ɗan murmushi, kamar wasanmu ne na kullum.

Ya ce, “Aboki, jini kaɗai ka gani?”

Na ce, “Shi kaɗai.”

Ya daɗe yana kallona. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, sai da ya yi ta raguwa kaɗan-kaɗan. Baba ya janye hannunsa a hankali, ya sunkuyar da kai, ya ce ba ya ƙaryata kowa, amma abin da shakka ta shiga barinsa ya fi. Baffannina suka ce wa Kaka ya rantse mana. Ya ce shi ya faɗi magana, kuma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa faɗar magana sau biyu don a yarda ba. Ya ɗauki faifai ya rufe akushin, ya ce a kai wa mata da yara. Ya aika aka kawo mana gyaɗa da rake. Shi bai ci komai ba, ya zauna tare da mu yana ɓare mini gyaɗa yana zuba mini a hannu, ni kuwa ina ci.

Da la'asar muna bakin hanya a Ƙarfi muna jiran mota, sai wani mutum mai jini a gaban riga ya ƙwala wa Baba sallama. Mahaucin ne. Yana dariya yana ba da labari, wai tsohonmu ya tashe shi tun bai gama lazimi ba, ya tsaya a kansa har aka kwantar da tauren aka fuskantar da shi alƙibla. Wai tsoho ya ce masa ya faɗi kalmomin yankan da ƙarfi kuma a hankali, ya faɗa, tsoho ya maimaita a bayansa, ya ce ya sake, ya sake, har sau uku, sai da bakinsa ya iya. Mahaucin ya tambayi Baba ko naman ya yi daɗi.

Baba ya kama hannuna muka juya, muka sake taka duk tafiyar nan a ƙasa. Mun tarar da Kaka yana gyaran bakin rumbu. Baba ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya ce a kawo abincin ko ɗan romo ne ya rage. Kaka ya ce ai an cinye, gida mai yara ba ya ajiye nama. Ya ce babu komai, baɗi ma shekara ce. Ya shafa kaina, amma bai ce mini aboki ba.

Bai ga baɗin ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi a tsakiyar damina, aka rufe shi yadda suke rufe nasu, sai bayan kwana biyu labari ya iso mu saboda rafi ya cika.

Baba ya ɗora laifin a kansa har ƙarshen ransa. Yakan ce yaro ya faɗi abin da ya gani ne, shi babba ne ya kamata ya san ubansa. Na yi shekara arba'in ina jin wannan magana daga bakinsa, na yi masa wanka da hannuna, na sa shi a kabari, ban gyara masa ita ba.

Yanzu babu gidan. 'Ya'yan baffannina wasu sun musulunta, wasu sun shiga coci, an raba gonaki, masara ake shukawa a inda tabarmin nan suka kasance. Duniya ta sauƙaƙa, mutum ya ci abincin wanda bai sani ba, ya tashi ya tafi. Na karanta abin da Allah Ya nufe ni da karantawa, na san hukuncin wanda ya mutu bai yi shahada ba, ban kuma isa in sa baki a abin da yake na Ubangiji ba. Amma na san wani hukuncin: haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, ko wane ne shi. Na nemi gafarar Allah a Arfa da hawaye. Shi kuwa tsohon babu inda zan same shi sai ranar tsayuwa. Kuma abin da ya fi hana ni sakewa, mutumin da ya tsaya a gaban mahauci yana koya wa bakinsa sunan Allah har sau uku, ban san ina zai nufa ba da a ce na bar shi ya ci tuwon nan da ɗansa.