Hayar Teburin Dara a Cikin Waya

Maigidana wankin hula yake yi a Gwange. Kafin gari ya rikice, ba shi da aminin da ya wuce wani Ibo mai sayar da kayan keke a shagon da ke jikin nasa. Bayan la'asar sai su ɗora allon dara a gwiwoyinsu, irin mai gidaje baƙi da fari ɗin nan, suna bugawa suna tsokanar juna. Ni ina ciki ina haɗa turaren wuta, amma ta katanga komai a kunnena yake.

Da harbe-harbe suka yi yawa, mutumin ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Aka yi shekaru sai gaisuwar sallah da ta kirsimeti. Rannan ya kira ya ce ya samo dara a waya, ana bugawa ana jin muryar juna. Wallahi sai gidanmu ya farfaɗo. Maigidan da ya daina hira tun da aka fara binne maƙwabta, sai ga shi yana ihu a tsakar gida wai an yi masa wayo.

Da farko kyauta ne. Daga baya masu wasan suka ce in kana son zama da abokinka, sai kun sayi wasu tsaba na cikin waya, kowa ya zuba nasa, wanda ya ci ya kwashe. Maigida ya kife wayar a tabarma.

"Wannan caca ce," in ji shi.

Kuma bai faɗa wa aminin nasa ba. Kunya yake ji, kada ya zama kamar ya kira shi ɗan caca. Sai kawai ya daina ɗaukar kiransa. Ya koma shirunsa na da, ni kuwa shirun nan nake tsoro.

Ana nan sai mutumin ya kira tawa wayar.

"Madam, wushe, sannu. Me na yi wa Malam? In laifi ne a gaya mini."

Na ce ba laifi, aiki ne ya yi yawa. Sai na bi ta gefe na ce, "Oga, wai wasan nan naku dole sai da tsaba?"

Ya ce a'a. Akwai na kyauta, amma da baƙi za a haɗa ka, ga talla kamar me. Akwai kuma na wata-wata: ka biya, ka buɗe teburinka, ka kira wanda kake so, ba a zuba komai. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma abin da ya shiga kunnena ya zauna.

Na tarar da maigida yana goge hula a kan kututture.

"Malam, rumfar da kake shanya hulunan nan, kyauta aka ba ka?"

"Kin fi kowa sanin haya nake biya."

"To a wayar ma akwai haya. Ka biya wata, ku zauna, shi ke nan."

Ya ɗago kai. "Ba wanda zai ci kuɗin wani?"

"Ko sisi."

Duk da haka sai da ya tambayi liman bayan azahar. Liman ya ce ba komai, in dai ba za ta hana shi salla ba. Ban jira ya sake tunani ba, na zari mayafi na ɗauki cinikin turarena na nufi wajen mai POS na bakin titi, tunda mu ba mu da kati. Shi ya biya mana.

Da yamma suka haɗu. Kafin a taɓa ɗan dara ko ɗaya, na ji maigida yana ta inda-inda, har dai ya faɗi dalilin gudun nasa. Can ɓangaren sai aka fashe da dariya.

"Haba Malam! Da ka faɗa mini! Ni ma a kan tsabar nan matata ta ce za ta kai ƙarata wajen fasto. To buga, tsoho, kai ne da fara wasa."