Garin Tabar Inna

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da likita ya ce wa mahaifiyata ta buɗe baki ba, alhali ciwon ƙirji muka kawo masa.

Ni ne ɗanta na fari, don haka kunya ce tsakaninmu. Ba ta kiran sunana, hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Ina kasuwanci a Dogon Dutsi, ita tana ƙauyenmu kusa da Ɗan Kassari. Duk mako nakan ba 'yan kabu-kabu saƙonta: goro, garin taba da kanwa, abin da take dunƙulewa a kumatu tun kafin a haife ni. Wata shekara ta aiko a ƙara mata tabar. Na ƙara. Ta sake aikowa, na ninka, har ina hura hanci a kasuwa wai ni mai kula da uwa.

Ashe ƙullutu ne ya fito mata a nono, da tabar take danne zafin. Sai da ƙanwata da ke aure a Tibiri ta je ganin gida, ta ji wari a ɗakin, sannan asiri ya tonu. Lokacin abin ya riga ya fashe.

A Yamai likita ya dubi jajayen haƙoranta, ya tambayi shekara nawa tana taunawa. Ya ja ni gefe ya ce sankara ce. Ba zai rantse tabar ce ta jawo ba, amma abin da aka daɗe ana tsotsa yakan bi jini ya ɓata ƙwayoyin jiki, su kama girma ba ƙa'ida. Ya ce da bara muka zo, da aiki ya yiwu.

Raina ya ɓaci, na ajiye kunya.

"Inna, don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

Ta juya fuska bango.

"Wurin da ka sha za ni buɗe maka? Kai da nic ce a ƙaro, ko sau guda ka ce lahiya?"

Wata huɗu ta ƙara a duniya.

Har yau ina jin haushin kunyar nan da muke yabo, amma haushin kaina ya fi. An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa a bayan babur ɗin wasu na ɗaure tawa. Idan naka ya yawaita neman abin da ke ɗauke masa zafi, kada ka aika. Tashi ka je, ka zauna, ka tambaye shi ina ke masa ciwo.