Itacen Wankan Rumaisa

Inna Ummulkhairi 'yar Kalgo ce, aure ya kawo ta Dodoru, ta gaji ungozomanci wurin uwar mijinta. Rabin garin nan ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa ko mai gemu ba ya ɗaga mata murya. Ba ta tambayar mace ko tana da ciki. Ƙofar gida take dubawa, domin da zarar ciki ya yi ƙwari, maigida yakan fara tara itacen wankan jego, har tulin ya kai kafaɗa.

Shekarar da aka kawo wani tallafin gwamnati na gwaji, hatsi da taki ga marasa ƙarfi, an haɗa shi da sharaɗi: gidan da aka samu sabon ciki kafin shekara uku da haihuwar baya, za a cire shi. Cikin 'yan watanni tulin itace ya ɓace daga ƙofofi kamar an share.

Inna ba ta ƙin tazarar haihuwa. Ita ce ma mai yi wa maza tsiya, tana cewa su bar mace ta huta, ba gonar fadama ba ce. Amma wata rana da hantsi ta ratsa gonar maƙwabcinta Abdulbaƙi, ta tarar da itace jibge ƙarƙashin karan dawa. Ta wuce gidansa kai tsaye, ta iske matarsa Rumaisa cikin zumbulelen hijabi, ƙafafu sun kumbura suntum. Cikin wata bakwai ne, ko sau ɗaya ba ta je awo ba.

"Inna, ki ruhwa muna asiri," in ji Rumaisa. "In anka sani, hatsin yara ya tahi."

Tsoro ya kama Inna, don ta san abin da irin wannan kumburi yake yi wa mace.

Ranar da jami'an tallafin suka taru a Gwandu suna murnar ba a samu ciki ko ɗaya ba a Dodoru, sai ga tsohuwa da damin itace a ka. Ta sauke shi gaban teburin shugabansu, Malam Abdulhakeem.

"Ɗana, wanga itacen jego na, cikin gona na ishe shi ɓoye. Cikin bai ɓace ba, ɓoye shi anka yi. Ku tambayi asibiti mata nawa sunka zo awo."

Malama Esther, ma'aikaciyar asibitin, ta miƙe ta ce bencin awo ya yi wata huɗu babu kowa.

"Matar wa ce mai cikin?" in ji Malam Abdulhakeem.

"Ba ni hwaɗi. Ku ba mai yunwa abinci, ku bar mu da yi musu nasiha, suna ji. Amma in ta mutu da ɓoyo, kai za ka ɗauki makara."

Ya daɗe yana kallon damin nan, kunya ta rufe shi. Mako biyu bayan haka aka soke sharaɗin.

Inna ba ta jira su ba, washegarin taron ta tasa Rumaisa gaba zuwa asibiti. Hawan jini ne, an tare shi da wuri, ta sauka lafiya da 'ya mace. Abdulbaƙi ya kwaso itacensa a amalanke da rana tsaka, ya jibge a ƙofar gida. Da Inna ta zagaya garin a makon suna, ƙofofi tara ta gani da tuli.